Ƙuman dabbobin kan dutse da ɓerayen Legas: ina haɗin yake?

Duk sanda labari ya ɓulla cewa wani ya mutu da annobar kaluluwa (cutar nan mai kawo zazzaɓi da kumburin kaluluwa) a Mongoliya, ko Madagaska, ko yammacin Amurka, tambaya ɗaya ce ke zagaya zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa mazauna Legas: tunda an ce ƙuma ne ke kawo ta, mu kuma ga mu muna kwana muna tashi da ɓeraye, shin za ta iya zuwa mana? Ko a watan Yulin 2025 sai da hukumomi a jihar Arizona ta Amurka suka tabbatar da mutuwar mutum ɗaya da ita.

Amsoshin da ake bayarwa sun rabu. Wani ya ce ai cutar mutanen da ce, ta daɗe da shuɗewa. Wani ya ce Lassa ce aka sauya wa suna. Wani kuma ya ɗaga katifarsa ya ga kuɗin cizo, hankalinsa ya tashi. Dukkansu akwai gyara a maganarsu, kuma gyaran yana farawa ne daga wani wuri mai nisa da Agege ko Idi-Araba: ramukan dabbobin daji a kan tsaunuka.

Wane ne ƙuma, kuma me ya bambanta shi da sauran masu cizo

Kuɗin cizo yana ɓuya a lungun gado da tsagar bango, ya fito da dare. Kwarkwata tana manne da gashi ko tufa. Kaska tana kafa kai a jikin saniya ko kare ta yi kwanaki tana sha. Ƙuma ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan. Ƙwaro ne marar fiffike, tsawonsa bai cika wuce milimita 3 ba, jikinsa a matse ta gefe da gefe don ya ratsa gashin dabba cikin sauƙi. Ƙafafunsa na baya ke ba shi tsallen da aka san shi da shi, wanda kan kai santimita 18 sama. Fatarsa na da tauri, shi ya sa in ka murza shi tsakanin yatsu sai ya tashi ya tafi, sai an sa farce.

Masana sun ƙidaya ire-iren ƙuma wajen 2,500 a duniya. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna rayuwa ne a kan dabbobi masu shayarwa, ragowar a kan tsuntsaye, kuma mafi yawansu dangin ɓera da kurege suke bi. Waɗanda ke damun mutum a gida ba su fi a ƙirga da yatsu ba: na kyanwa, wanda shi ne kuma aka fi samu a jikin kare, na ɓeran gida, na mutum, sai jiga.

Rami ne gidansa

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne babban ƙuma kaɗai ke hawa jikin dabba. Macen tana shan jini ta saki ƙwai, ƙwan ya gangaro ya faɗa shimfiɗar dabbar. Daga ƙwan tsutsa ke fitowa, fara, marar ido, marar ƙafa, tana cin dattin rami da busasshen jinin da manyan suka kasayar. Sannan ta saƙa wa kanta kumbo ta shige. A cikin wannan kumbon ƙuma na iya zaman jira na watanni, ba ya fitowa sai ya ji motsi, ko ɗumin jiki, ko numfashin wani abu mai rai.

Wannan ne ya sa mutum zai buɗe ɗakin da ya daɗe a kulle, inda kyanwa ta taɓa haihuwa, kafin ya kai tsakiyar ɗakin ƙafarsa ta yi baƙi da ƙuma. Shi ne kuma ya sa dabbobin da ke da tsayayyen rami ko sheƙa suka fi kowa ƙuma, masu yawo ba masauki kuwa, irin su birai da yawancin masu kofato, nasu kaɗan ne. Tsutsar ba ta jure bushewa. Tana son laima da sanyi-sanyi, abin da rami ke ba ta ko da waje ana ƙuna ko ana ƙanƙara.

Abin da ya sa tsaunuka suka zama na musamman

A kan dutse, kowane hawa da nasa yanayin. Ƙasa da zafi, tsakiya da daji mai laima, sama da ciyawa da sanyi. Dabbobin da ke kowane mataki daban, ƙumansu ma daban. Da yake tsauni kan yanke dabbobinsa daga na wani tsaunin, akan sami irin ƙuman da ba a samun sa ko'ina a duniya sai a jerin duwatsu ɗaya, a kan dabba iri ɗaya.

Akwai misalai masu ban mamaki. Mafi girman ƙuma da aka sani yana zaune ne a ramin wata dabba mai haƙa a arewa maso yammacin Amurka, kuma yana haura santimita ɗaya. A tsaunukan Tiyan Shan na tsakiyar Asiya akwai wanda makiyaya ke kira alakurt, mai kama tumaki da dawaki da shanun dutse a tsakiyar hunturu. Macen tana kumbura da jini da ƙwai har ta ninka girmanta sau da yawa, in kuma suka yi wa dabba yawa sai ta rame. Ƙuman zomon Turai kuwa ba ya hayayyafa sai ya sha jinin zomanya mai ciki, don 'ya'yansa su fito daidai lokacin da aka haifi 'ya'yan zomo. Masaniyar ƙwari 'yar Ingila, Miriam Rothschild, ita ce ta bayyana wannan.

Amma wanda ya shafi tambayarmu shi ne ƙuman mamot. Mamot dangin kurege ne, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba, yana zaune a tuddan Mongoliya da Tibet da Tiyan Shan, yana kuma barcin hunturu na wajen wata shida ko fiye a cikin rami. Ƙumansa na kwana tare da shi. Ƙwayar cutar annobar kaluluwa, wadda masana ke kira Yersinia pestis, tana zagayawa tsakanin mamot da ƙumansa shekara da shekaru, babu ruwanta da mutum. Wani lokaci ta tashi ta kashe dabbobin da yawa, sannan ta lafa.

Haka abin yake a Afirka, da dabbobi daban. A Madagaska cutar ta fi zama a tuddan tsakiyar tsibirin, daga mita 800 zuwa sama, inda baƙin ɓera ke ɗauke da ƙuma iri biyu: ɗaya na cikin gida, ɗaya na gona da daji wanda ba a samun sa sai a tsibirin. A Tanzaniya, gundumar Lushoto da ke tsaunukan Usambara ta yi fama da ita daga 1980 har shekara ashirin da 'yan kai. Akwai ta a Ituri ta gabashin Kwango, da tuddan Yuganda da ke maƙwabtaka da ita, da tsaunukan Andis na Peru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Kwango da Madagaska da Peru ne suka fi kowa fama da ita, kuma daga 2010 zuwa 2015 an sami rahoton mutum 3,248 da suka kamu a duniya, 584 suka rasu.

Mu ma muna da tuddai: Mambila a Taraba, Jos, Obudu, da Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya. Akwai rema da kurege da ɓerayen daji a duwatsunmu, kuma duk dabbar rami tana da ƙumanta. Sai dai dutse da ƙuma kaɗai ba sa haifar da annoba, sai ƙwayar cutar tana wurin. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke ba da rahoton cutar a 'yan shekarun nan, don haka wanda ya ce a guji dankalin Jos ko shanun Mambila saboda annobar kaluluwa, tsoro kawai yake yaɗawa, yana kuma cutar da masu neman halal ɗinsu.

Yadda cutar ke saukowa daga dutse zuwa gari

Ƙuman mamot ba zai yi tsalle daga Mongoliya ya dira Apapa ba. Yawancin ƙuman daji ba sa daɗewa in an raba su da dabbarsu da raminsu. Cutar tana tafiya ne hannu zuwa hannu, kamar buhun albasa da ke barin gona ya shiga hannun dillali, ya hau tirela, ya sauka Mile 12 a hannun wanda bai taɓa ganin gonar ba. Dabbar daji ta ba ɓeran gona, ɓeran gona ya ba na rumbu, na rumbu ya shiga kaya, kaya su hau jirgi. A kowane zango wani ƙuman ne ke karɓa.

Wanda ya fi kowa ƙwarewa a zangon ƙarshe shi ne ƙuman ɓeran gida, Xenopsylla cheopis. Charles Rothschild, mahaifin Miriam, shi ya fara bayyana shi a 1903 daga samfurin da aka tsinto a Shandi ta Sudan. Ga yadda yake yi. In ya sha jinin ɓeran da ke da cutar, ƙwayoyin sai su hayayyafa a mashigar cikinsa su dunƙule har su toshe ta. Daga nan duk jinin da ya zuƙa ba ya wucewa. Yunwa ta ishe shi, sai ya yi ta cizo babu ƙaƙƙautawa, kuma a kowane cizo jinin da ya kasa shiga yana komowa cikin raunin tare da ƙwayoyin cutar. Idan ɓeran ya mutu jikinsa ya huce, ƙuman sai ya bar gawar ya nemi jini mafi kusa. In babu wani ɓeran, to mutum ne.

Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Honkon a 1894, Paul-Louis Simond kuma ya nuna rawar ƙuma a Karachi a 1898. Kafin nan mutane sun daɗe da lura cewa mutuwar ɓeraye barkatai tana gabatar mutuwar mutane, ba su dai san dalili ba.

Tarihi cike yake da wannan saukowar. Baƙar annobar da ta ci babban kaso na mutanen Turai da ƙasashen Musulmi daga 1346 zuwa 1353, wani bincike da aka wallafa a 2022 ya bi sawunta zuwa wasu kaburbura na shekarun 1338 da 1339 kusa da tafkin Issik Kul a Kirgizistan, a gindin Tiyan Shan, ƙasar mamot. Ta Manchuriya da ke arewa maso gabashin Sin a 1910 da 1911, wadda ta kashe kimanin mutum 60,000, ta taso ne daga masu farautar mamot don fatarsa. A 2019 wasu miji da mata suka rasu a yammacin Mongoliya bayan sun ci ɗanyen naman dabbar. Musulmi ma ba baƙin wannan cuta ba ne: ita ce littattafan Larabci ke kira ɗa'un, ita ce ta Amwas a zamanin Sayyidina Umar, wadda ta yi sanadin rasuwar Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya yarda da su. Hadisin da ya hana shiga garin da take ciki, ya kuma hana fita daga gare shi, a kanta ya zo.

Legas ta taɓa gani

Masu cewa zafin Legas ba zai bar cutar ta zauna ba suna da ɗan abin kamawa. Toshewar cikin ƙuma ba ta cika yin ƙarfi ba idan zafi ya haura digiri 27 ko makamancin haka, kuma wannan na daga dalilan da suka sa cutar ta fi son tuddai masu sanyi. Amma tarihin garin nan ya riga ya ba su amsa. A 1924 annobar ta shigo Legas, masana tarihi kuma suna danganta shigowarta da jiragen ruwa da fataucin goro daga ƙasar da a yau ake kira Ghana, wadda ita ma ta yi fama da cutar a shekarar. Ta zauna har 1931, ta kashe sama da mutum 1,800 a ƙididdigar hukuma.

Gwamnatin mulkin mallaka ta sa masu kamun ɓera, ta killace marasa lafiya, ta yi ta feshi da rushe gidaje. A 1928 aka kafa hukumar raya birnin Legas, wadda ta rushe unguwar Oko Awo a cikin tsibiri, aka tura mutane tsallake zuwa su Yaba. Wani ɓangare na fasalin da Legas ke da shi a yau, ƙuma da ɓera ne suka jawo shi. Talaka kuma ya biya sau biyu, ya rasa 'yan uwa, ya rasa matsuguni.

Duk abin da ya ba cutar masauki a lokacin yana nan: tashar jiragen ruwa, cunkoso, laima, rumbunan abinci da mutane ke kwana a cikinsu, kwatoci cike da ɓeraye. Abin da ya sauya shi ne yanzu akwai maganin da ke warkar da ita, kuma dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta wajabta wa jirgin ruwa takardar shaidar tsafta da ake sabuntawa duk wata shida, wadda ma'aikatan lafiya na tashar jirage ke dubawa. Faifan ƙarfen da ake saƙalawa a igiyar da ta ɗaure jirgi a Apapa don wannan aka yi shi, ya tare ɓera daga hawa ko sauka. A ganina wannan aiki na bakin ruwa, wanda ba kowa ke ganin sa ba, ya fi duk wata sanarwar gaggawa muhimmanci. Madagaska ta nuna yadda abin ke sauri a 2017: mutum ɗaya ya baro tuddai cikin motar haya da cutar ta kama masa huhu, cikin 'yan watanni sama da 2,400 suka kamu, sama da 200 suka rasu, akasari a birane.

Lassa daban, kuɗin cizo daban

Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ba ya bi ta ƙuma. Yana zuwa ne daga fitsari da kashin wani ɓera mai nonuwa da yawa idan sun taɓa abinci ko kayan gida, ko daga jikin wanda ya kamu. Kuɗin cizo kuwa yana hana barci, amma ba shi ke yaɗa annobar kaluluwa ba.

Ɓarnar da ƙuma ke yi a nan

Yayin da ake fargabar cutar da ke nesa, akwai wadda ke ƙafar mutane a cikin jihar nan. Jiga ma ƙuma ce, mafi ƙanƙanta a danginta. Asalinta Kudancin Amurka ne, jiragen ruwa suka kawo ta gaɓar Angola wajen 1872, ta bazu a Afirka. Macen tana huda fata, yawanci ƙarƙashin farcen ƙafa ko tsakanin yatsu ko a dunduniya, ta zauna ciki ta kumbura da ƙwai. Abin da ido ke gani shi ne farin ƙurji zagayayye da ɗigon baƙi a tsakiya, ga ƙaiƙayi ga zugi. Binciken da aka wallafa a 2007 a wani ƙauye na yankin Badagry ya sami kusan rabin mutanen da aka duba suna da ita, yara da tsofaffi suka fi yawa. Yaron da jiga ta cika wa ƙafa ba ya iya sa takalmi, ba ya tafiya daidai, yakan daina zuwa makaranta don kunya. Cirewa da allura ko reza marar tsafta kuma ƙofa ce ga cutar sarƙewar haƙora da ruɓewar rauni. Masu aikin yashi da masu kwana a ƙasa a bakin ruwa su kula, takalmi da daɓen siminti suna rage ta ƙwarai.

Sai kuma wani zazzaɓi da ƙuman ɓera ke yaɗawa ta kashinsa idan mutum ya sosa wurin cizo. An san shi a biranen bakin teku masu zafi a faɗin duniya. Yana zuwa da ciwon kai da ciwon jiki, wani lokaci da ƙuraje, shi ya sa yake da sauƙin rikiɗewa da maleriya ko taifot.

Wa za a fara kashewa, ɓera ko ƙuma?

A nan ne ra'ayoyi suka fi karo. Ɗan kasuwa da ɓera ke yi wa ɓarna a sito, abin da ya sani shi ne shinkafar ɓera. A zuba da dare, da safe a kwashe gawa. Ba a ga laifinsa ba, dukiyarsa yake karewa. Amma ka dubi sito irin na Mile 12 ko Agege: buhuna jere har rufi, a lungu yaran shago sun shimfiɗa kwali suna kwana ƙafa a waje. Ɓera goma suka mutu a bayan buhunan cikin dare ɗaya, kowanne da ƙumansa. Kafin asuba duk sun sauka suna neman jini, kuma idon sawun yaran nan ne mafi kusa. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a wurin da ake zargin annoba ita ce a fara da ƙuma, sannan a juya kan ɓera. Wanda ya juya tsarin ya kori ƙuma daga jikin ɓera zuwa jikin mutum da hannunsa.

A kan tsaunuka ma an yi wannan jayayya. Tarayyar Sobiyat ta kwashe shekaru tana zuba wa mamot da ɓerayen daji guba a faɗin ƙasa mai yawa, amma cutar ba ta ƙare ba, dabbobin sukan dawo su cika ramukan. A yammacin Amurka yanzu, inda ake samun kimanin mutum 7 a shekara, an fi karkata ga busa hodar maganin ƙwari cikin ramukan dabbobin, a bar su da ransu. Ni ina tare da wannan hanyar, don dabbobin nan abincin wasu ne, kuma ƙasar da suke haƙawa tana amfanar ciyawar da makiyayi ke buƙata.

A gida abin bai da wuya. Ƙuma yana cizon ƙasa-ƙasa, idon sawu da ƙwauri, ya bar jajayen ɗigo kusa da juna. In kana shakka, taje gashin kyanwa ko kare a kan farar takarda mai ɗan danshi: baƙin ɓurɓushin da ya zubo in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne. Da yake ƙwai da tsutsa suna ƙasa, shara mai kyau da wanke shimfiɗar dabba da shanya tabarmi a rana sun fi fesa iska amfani. A ɗora buhu a kan katako nesa da bango, a toshe ramuka da siminti, a raba wurin kwana da wurin ajiyar abinci in da hali. Fiya-fiya da wasu ke kwarara a ɗaki su rufe ƙofa su kwanta, maganin gona ne, ya kashe mutane a ƙasar nan ba sau ɗaya ba. Gawar ɓera kuma kada a ɗauka da hannu. A yayyafa mata maganin ƙwari, a kwashe da shebur, a binne. Mafarauci da ya tarar da gafiya ko kurege a mace ba shi ya kashe ba, ya bar shi nan.

In aka ga ɓeraye suna mutuwa da yawa alhali ba wanda ya sa guba, wannan abin kai wa ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma ne a ranar. Alamar cutar a jikin mutum tana bayyana cikin kwana 1 zuwa 7: zazzaɓi mai zafi da ya zo kwatsam, rawar sanyi, da kaluluwa mai tsananin ciwo a matsematsi ko hammata ko wuya. In ba a yi magani ba tana kashe kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari, wadda ta kama huhu kuwa tana bi ta tari daga mutum zuwa mutum kuma ba ta cika barin kowa ba sai an fara magani cikin kwana guda. Wanda ya dawo daga Madagaska, ko gabashin Kwango, ko arewa maso yammacin Yuganda ya ji irin wannan, kada ya tsaya a kemis. Ya je asibiti, kuma kafin a tambaye shi ya faɗa wa likita ƙasar da ya fito da ranar da ya baro ta.